Gobarar 1983: ranar da Inna ta kira sunan ɗan farinta

Har yau, in hunturu ya kama na shaƙi ƙaurin ciyawa daga nesa, sai cikina ya ɗuri ruwa. Fiye da shekara 40 ke nan, amma hancina bai manta ba. 'Ya'yana sun san haka, shi ya sa ko shara ba sa ƙonawa a gabana. Su ne suka matsa mini in rubuta wannan labari, suka ce in na tafi da shi kabari babu mai faɗa wa jikokina. Na daɗe ina ja da baya, domin akwai wani ɓangare nasa da ni kaina nake jin nauyin faɗa.

An haife ni a 1970, a wani ƙauye da ke kudu da Wenci, a yankin da a lokacin ake kira Brong Ahafo a ƙasar Gana. Kakana mutumin ƙasar Kano ne, fataucin goro ya kawo shi ta hanyar Gwanja, ya yi aure ya zauna. Da gwamnatin Busiya ta kori baƙi a ƙarshen 1969, zangonmu ya kusa zama kufai. Baba ya tsira ne saboda dattijon da ke da ƙasar, mutumin Bono, ya tsaya masa, ya ce wannan a gabana aka haife shi, ba shi da wani gari sai nan. Gonar kokon wannan dattijo Baba yake kulawa da ita a bisa tsarin da ake kira abusa: in an sayar da amfani a raba uku, mai gona ya ɗauki biyu, mai aiki ya ɗauki ɗaya. A gefen gonar kuma akwai bishiyoyin goro kusan 30 da kakana ya dasa da izinin mai ƙasa. Waɗannan su ne dukiyarmu. Da su aka yi wa yayyena mata kayan ɗaki, da su ake sayen ragon layya, da su aka sa ni makaranta.

Wanda bai taɓa shiga gonar koko ta wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da muka rasa. Da tsakar rana za ka shiga ka ji sanyi kamar ka shiga randa. A sama akwai manyan itatuwa, rimi da loko da wanda mutanen nan ke kira wawa, ƙarƙashinsu goro, ƙarƙashin goro koko, a ƙasa kuma agade da gwaza da barkono. In ka tura hannu cikin ganyen da ya zuba, sai ka taɓa laima ko da rani ne. Saboda haka muka tashi da imanin cewa wuta ba ta cin kurmi. 'Yan ƙwadagon da ke zuwa daga arewa, Dagarti da Mosi da Gurunsi, su sun san wutar daji, duk shekara suna ganinta a garuruwansu, sun saba share kewayen rumbu da gida kafin ciyawa ta bushe. Mu kuwa ko a mafarki ba mu kawo hakan ba.

Damunar 1982 ba ta yi kyau ba, ta kuma ɗauke da wuri. Sai hunturu ya shigo da ƙarfinsa ya ƙi tafiya. Hazo ya rufe rana, leɓe ya tsage, rafin da muke ɗiban ruwa, wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin gindinsa ba, ya koma yashi, sai mata sun yi tono tun asuba kafin su cika tulu ɗaya. Ganyen da ke ƙarƙashin koko ya bushe ƙayau, in ka taka sai ka ji kamar kana tauna ƙuli-ƙuli. Ga kuma wata ciyawa da ta mamaye duk saura da gefen hanya, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Janar Acampong saboda a zamanin mulkinsa ta yi yawa. In ta bushe, ba ta da maraba da audugar da aka jiƙa da kananzir.

Ana cikin haka Yaya ya dawo. Shi ne ɗan farin Inna, ya girme ni da shekara 11. Tun 1979 ya tafi Legas, ya zauna a Agege wurin 'yan goro, ya koyi ɗinki. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kamo hanyar gida. Yaya jikan Bakano ne, Hausa ce a bakinsa, amma takardarsa ta Gana ce, don haka shi ma ya bi ayari. Ya iso a farkon Fabrairu, ya rame ya yi baƙi, ba abin da ya tsira da shi sai kan keken ɗinki da ya naɗe a bargo da wata 'yar rediyo. Inna ta ga shigowarsa, ta sunkuyar da kai ta shige madafa. Kunyar ɗan fari ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron" ko "yayanku". Amma a daren nan ta yanka kazar da take tattali, ta ce mini, "Kai, ɗauki ka kai wa yayanku, ka ce ya ci da zafinsa."

Yanzu ga abin da nake jin nauyinsa.

Abinci ya riga ya fara wuya tun kafin wuta. Mu yara mun gano cewa in aka cinna wa ciyawa wuta ta gefe ɗaya, aka tsaya da sanduna da karnuka ta ɗaya gefen, gyazbi da gafiya za su fito da gudu. Manya ma haka suke yi. Masu tatsar bammi suna shiga daji da wuta don gasa bakin kwakwar da suka kayar, masu sassabe suna toyi, mai cin zuma yana hayaƙi, matar da ta je gona tana gasa doya ta bar garwashi. A shekarun da suka wuce duk ana yin haka, wutar ta ci ɗan abin da za ta ci, ta isa bakin kurmi ta mutu. A wata Talata cikin watan Maris, mu huɗu muka cinna wuta a wata saura da ke gabas da ƙauye. Ni na ƙyasta ashanar. Muka kama gyazbi biyu, muka bubbuge wutar da ɗanyen ganye har muka ga ta mutu. Da za mu tafi na waiga, na ga wani ruɓaɓɓen kututture yana ɗan hayaƙi. Na ce a raina zai mutu da kansa. Yunwa nake ji, naman nake tunani.

Ranar Alhamis, bayan an sauko daga azahar, iska ta taso daga gabas. Abin da muka fara gani toka ce, baƙaƙen ganyaye suna saukowa a tsakar gida kamar fari. Sai sama ta yi ja. Sai ƙara. Na sha jin mutane suna kwatanta ƙarar wuta, amma abin da na ji ya fi kama da manyan motocin katako goma sun taso a jere, a tsakiyar rugugin kuma gora tana fashewa kamar harbin bindiga. Macizai da ɓeraye da wata gada suka ratsa ta tsakiyar gari, ba wanda ya ko dube su. Aka buga ƙararrawar coci, ladaninmu ya hau kira ba lokacin salla ba.

Maza suka fita da adduna da rassan kwakwa. Me rassan kwakwa za su yi wa wutar da ta fi rimi tsawo? Tana cin ƙasa tana cin sama, iska na ɗaukar tartsatsi ta jefa can gaba, sai ka ga wuta ta tashi a bayanka alhali kana fuskantar ta gabanka. Ba a jima ba aka ce kowa ya bar gona, a ceci gari. Aka kora mata da yara filin ƙwallon makaranta, don shi kaɗai ne fili marar ciyawa. Samari suka hau ɗakuna suna yaye jinka suna jefarwa.

A nan ne Baba ya tuna da tsohon da ke kwana a bukkar gonarmu. Wani Badagarti ne da ya yi wa mai ƙasa aiki shekara da shekaru, ƙafarsa ɗaya ta shanye, ba shi da kowa, sai Baba ya bar shi yana gadin huhunan goron da muka adana muna jiran ya yi daraja. Baba ya juya zai tafi, Yaya ya riƙe masa hannu. Ina tsaye na ji ya ce, "Baba, ku zauna, ƙafata ta fi taku sauri." Ya tsoma bargon nan da ya naɗo keken ɗinki a cikin ɗan ruwan da ya rage a randa, ya yafa, ya ruga.

Hanyar gona ta bi ta gefen filin ƙwallo. Inna ta hango shi yana shiga hayaƙi. Ta miƙe, ƙanwata na goye a bayanta, ta ƙwalla kira. Sunansa ta kira, sunan yanka, wanda aka raɗa masa ranar suna, wanda shekara 24 ba ta bari ya fito daga bakinta ba. Sau uku ta kira. Matan zango da ke wurin duk suka yi tsit, domin sun san abin da hakan yake nufi. Ya ɗan tsaya, ya waigo, ya ɗaga mata hannu, sannan hayaƙi ya rufe shi.

Sai bayan magariba ƙasa ta yi sanyin da za a iya takawa, shi ma sai da aka ɗaura ɓawon agade a ƙafa. A cikin busasshen rafi aka same su, nesa kaɗan da bukkar. Yaya ya goyo tsohon har can, ya kwantar da shi a ramin da mata ke tonon ruwa, ya rufe shi da bargon, ya kife a kansa. Tsohon ya riga ya cika, hayaƙi ya kashe shi. Yaya yana numfashi, amma bayansa da ƙafafunsa ba su ganuwa. Aka ɓalle ƙofar masallaci aka ɗora shi a kai, maza shida suna karɓa-karɓa har bakin titi. A shekarar mota ta zama abin nema, babu mai, babu taya. Sai da gari ya waye wata motar katako ta tsaya. Ma'aikatan asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu, ba shi kaɗai ba ne kuma, a ɗakin akwai wasu daga ƙauyuka dabam-dabam da wuta ta kama a gona.

Kwana uku ya yi. A rana ta biyu ya farfaɗo, ya gan ni a gefen gado, ya ce, "Kai ne? Ka riƙa sa wa keken nan mai, kada ya yi tsatsa. Ka kuma kula da Inna." Na so in faɗa masa zancen kututturen nan. Bakina ya ƙi buɗuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan tsohon da ya mutu a hannunsa.

Mutane suna ɗauka gobara kwana ɗaya ce. Wutar ce kwana ɗaya. A ƙauyenmu ta ci gidaje 9 da kusan duk rumbunan da ke gona, masara da irin doyar da za a shuka, duk suka tafi. Makonni bayan haka manyan itatuwa suna ci ta ciki, cikin dare sai ka ji rimi ya faɗi, ƙasa ta girgiza. Na bi Baba gona bayan kwana bakwai. Kokon nan ya tsaya baƙi ƙirin kamar an kafa gawayi a jere. Ya je gindin goron da mahaifinsa ya dasa, ya kankare ɓawon da farce yana neman ɗanye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har 30. Bai ce komai ba sai "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Masara in ta ƙone, bayan wata huɗu ka ci wata. Irin kokon da muke da shi sai ya shekara biyar kafin ya fara haihuwa, goro kuwa ya kan kai bakwai ko fiye, kuma dukansu sai da inuwa, ga inuwar ta ƙone. Mutumin da ya haura 50 ya tsaya a wannan gona, ya san abin da ya gani ba zai sake ganinsa da idonsa ba.

Daga baya muka ji a rediyon Yaya cewa ba mu kaɗai ba ne, daga Asante har gabashin ƙasar wuta ta ci gonaki. Kokon da Gana ta taɓa fitar da fiye da tan 500,000 a tsakiyar shekarun 1960, a kakar 1983 zuwa 1984 bai kai tan 160,000 ba. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har aka shiga rabon wutar lantarki. Ga mutum miliyan ɗaya sun dawo daga Najeriya, kowa da bakinsa. Sai yunwa ta sauka. Ƙashin wuyan mutane ya fito fili, har ana kiransa sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin. Mun ci ɗanyar gwanda dafaffiya, mun ci ƙwarar manja, mun tono saiwar gwaza da wuta ta bari. Wasu sun ci rogo mai ɗaci ba su jiƙa shi yadda ya kamata ba, ya kwantar da su gida guda. Da aka fara kawo jar masara ta agaji daga waje, wadda a da ba ma kallonta, sai ga dattawa masu mutunci a layi da ƙwarya.

Azumin shekarar ya kama a watan Yuni, daidai tsakiyar wahalar. Ba zan manta da yadda Inna take raba kunu ludayi-ludayi ba, ta ce ita ta sha a madafa, alhali mun san ba ta sha ba. Ba zan kuma manta da matar dattijon nan mai ƙasa ba, Kirista ce, ita ma gonarta ta ƙone, amma kullum dab da magariba sai ta aiko jikanta da 'yar doya ko rogo biyu, ta ce a ba uwar yaron da ya shiga wuta. Yara ƙanana da tsofaffi da yawa ba su ga damunar 1984 ba, wadda ta zo da albarka. Ba wanda ya rubuta cewa wuta ce ta kashe su, amma mu da muka binne su mun san daga inda abin ya faro. Wannan yana ci mini rai har gobe: an ƙidaya tan na koko har na ƙarshe, amma Yaya da tsohon nan da jariran da nonon uwayensu ya ƙafe, ba su shiga lissafin kowa ba. Mutuwar mutumin ƙauye a bakin danginsa kawai take zama.

Garin ma bai koma yadda yake ba. 'Yan ƙwadago suka bi koko zuwa yamma, ƙasar Sefwi, inda kurmi ya rage. Samarin zango suka watse Kumasi da Teciman. 'Yan matan ajinmu aka cire su daga makaranta, wasu aka aurar, wasu aka tura birni ɗaukar kaya a kasuwa. Ni ma a nan karatuna ya tsaya, na zauna a kan keken Yaya, da shi na ci abinci shekara 30. Inda koko yake, tofa da ciyawar Acampong suka gaje, ita kuwa tofa wuta take kira, wuta kuma tofa take haifarwa, sai abin ya zama na kowace shekara. Mutane suka koma masara da rogo, daga baya aka shiga dashen yazawa, wadda yanzu ita ce abin tinƙahon ƙasar Wenci. Tana kawo kuɗi, Alhamdu lillahi, amma wanda ya san sanyin gonar da, in ya shiga gonar yazawa ya san an yi rashi.

Shekara bakwai ina ɗauke da zancen kututturen nan ni kaɗai. Ba na cin naman gyazbi, ba na iya kallon Inna ido da ido in ana zancen Yaya. Wata rana bayan sallar asuba, ni da Baba muka rage a masallaci, na matsa kusa da shi na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "A shekarar nan wuta ta ko'ina ta taso, ba mai iya rantsuwa cewa taka ce. Ni kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ba taka ba ce. Kwanan yayanka ne ya ƙare, kai kuma ka yi ganganci. Ka nemi gafarar Allah. In kana son ka biya, akwai wutar da ba ta tashi ba tukuna." Ya ce kada in faɗa wa Inna, ban kuwa faɗa mata ba har ta koma ga Allah.

A shekarar ce, 1990, gwamnati ta fito da sabuwar dokar hana gobarar daji, bayan wadda aka yi a 1983, aka ce kowane gari ya kafa 'yan sa-kai na kashe wuta. Ni na fara ba da sunana a zangonmu. Aikin ba shi da albashi, takalmin roba ma sau da yawa da kuɗinmu muke saya. Kafin hunturu mu share hanya mai faɗi a kewaye gonaki da rumbuna, mu bi gida-gida da masallaci da coci muna roƙon a daina farauta da wuta da girki a gona har ruwa ya sauka. Wanda zai yi toyi ya kira mu, a yi da sassafe ko da yamma in iska ta kwanta, kuma ba ma barin wurin sai mun tona kowane kututture mun zuba masa ƙasa. Na sha zagi. Na sha jin "wa ya naɗa ka sarkin daji?" Yau kuma in wuta ta tashi, kafin a bincika sai a ce Fulani ne. Akwai makiyayan da ke cinna wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro, ban musa ba, amma na kashe wuta shekara da shekaru, na ga ta mafarauci, na ga ta manomi, na ga ta mai gawayi da ta mai guntun taba. Wadda na fi sani kuwa, yaro ne ɗan shekara 13 mai jin yunwa ya ƙyasta ta. Shi ya sa in na kama yara da ashana a daji ba na dukansu. Zaunar da su nake yi in ba su labarin Yaya tun daga farko.

A cikin goron kakana 30, guda ɗaya ya yi toho daga gindi bayan damuna biyu. Baba ya kewaye shi da ƙaya, ya dasa masa agade don inuwa, amma bai ga 'ya'yansa ba. Inna ta gani. Shekarar da ya fara haihuwa na kawo mata guda bakwai a cikin ɗanyen ganye, lokacin idonta ya fara rauni. Ta shafa su, ta fasa ɗaya ta kai hanci. Ta ce in kai sauran masallaci ranar Juma'a a yi sadaka. Na ce, "Inna, da sunan wa?" Ta juya fuska wajen bango, ta ce, "Yayanku."